Babbaƙu Kafin Farfaru

Mu mutanen Birnin Gwari akwai wani hali namu da ya kamata mu zauna mu tattauna. In yaro ya fara tatata, gidan duka sai ya kaure da tafi. Ya yi taku biyu ya zube, a ɗaga shi a kakkaɓe, a ce "sake, ɗan Baba." Amma ranar da yaron nan ya dawo daga firamare ya rubuta "kk" a inda ake son "keke", sai fuskoki su sauya. Uba ya ce ƙwaƙwalwar kifi gare shi. Uwa ta ce malaman yanzu ba sa koyar da komai. Yayansa ya fizge littafin ya kai ƙofar gida a yi dariya. Gwaggo kuwa ta ce a kai shi wurin Malam a yi masa rubutun sha.

To, jama'a, mu dubi "kk" ɗin nan da kyau. Me ake rera wa yaron kullum da safe a aji? E, bi, si, di. An ce masa wannan baƙin sunansa "ke". Ya saurari keke, ya ji "ke" sau biyu, ya rubuta baƙin sau biyu. Ina daƙiƙanci a nan? Da wannan lissafin zai rubuta "bri" yana nufin biri, ya rubuta "dla" yana nufin dila. Tunani ya yi, da kayan da muka ba shi.

Ba yaranmu kaɗai ke haka ba. A 1971 wani masani a Amurka, Charles Read, ya nazarci rubutun yaran da ba su kai shiga firamare ba. Gidajensu daban-daban, amma kurakuransu iri ɗaya: suna aiki da sunan baƙi, suna kuma tsallake "n" da "m" in wani baƙi ya biyo baya. Wanda ya taɓa ganin ɗansa ya rubuta "tabaya" a maimakon "tambaya" ya san zancen. Emilia Ferreiro da Ana Teberosky kuma sun yi nasu binciken a Ajantina, suka fitar da shi a 1979. Sun tarar yara da yawa sun ɗauka abin da bai kai baƙi uku ba ba ya karantuwa, wasu kuma sun ɗauka babban abu dole sunansa ya yi tsawo. Daga nan sai yaro ya koma bai wa kowace gaɓa baƙi ɗaya, kafin ya gano cewa gaɓar ma tana rabuwa. Ita kuwa Uta Frith, a Landan a 1985, matakai uku ta zayyana. Da farko yaro yana gane kalma da kamanninta kawai. Ɗan shekara huɗu zai ga tirela ta taso daga Kaduna za ta Tegina ya ce "Dangote", ya ga kwali a shago ya ce "Indomie", alhali bai san baƙi ko ɗaya ba. Sai mataki na biyu, inda yake haɗa baƙi da sauti. Na uku shi ne inda ido ya saba, hannu ya riƙe yadda aka amince a rubuta kalma.

Mu kuwa ai wannan hawa-hawa ba baƙonmu ba ne. Ku leƙa makarantar allon unguwarku da yamma. Ga kolo zaune a kan tabarma, allo a cinya, Malam ya tsoma alƙalamin kara a tawada ya rubuta masa baƙaƙe tsirara, babu wasali ko ɗaya. Wannan shi ne babbaƙu. Sunayen ma da Hausa aka raɗa su yadda ido zai kama: ain likkafa, saboda ya yi kama da likkafar sirdi, da lam jaye, da ha kuri, da nun ara. Sai yaro ya ƙoshi da waɗannan sannan a shigar da shi farfaru, a zo masa da wasali bisa, wasali ƙasa, rufu'a da ɗauri. Can gaba ne ake barinsa ya rubuta allonsa da hannunsa, Malam ya duba ya gyara. Bulala akwai ta a can ma, amma ba ita ta fitar da alarammomi ba, tsarin ne. Babu malamin kirki da zai nemi wasali a wurin wanda yake babbaƙu. Mun san wannan sarai a allo, amma da an zo littafin boko sai mu manta.

Ku tuna kuma yawancin yaranmu hanya biyu suke bi a rana ɗaya. Da safe a boko hannu ya tashi daga hagu, da yamma a allo ya tashi daga dama. In yaro ya fara layi daga dama a littafin boko, ko ya juya "b" ta koma "d", hannun ne bai gama rarrabe hanyoyin ba, kuma zai rarrabe.

Wani kuskuren ma kunnen yaron ne ya fi namu gaskiya. Dukanmu "gidammu" muke furtawa, ƙa'ida ce ta ce a rubuta "gidanmu". Yaron da iyayensa suka fito daga wajen iyakar Zamfara zai rubuta "hita" domin haka yake ji a gida. Ɗan Fulani yana da ɓ da ɗ a harshensa amma ba shi da ƙ, don haka "ƙasa" da "kasa" za su ɗauke shi lokaci. Ita kanta ƙa'idar ba rana ɗaya aka kammala ta ba. Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya fitar da dokokin rubutun boko a 1912. Baƙaƙe masu lanƙwasa sai a shekarun 1930 suka zauna, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta Zariya ta yaɗa su daga 1939. Aka yi taro a Bamako a 1966, aka sake yi a Yamai a 1980, kuma har yau mutanen Nijar suna rubuta ƴ inda mu muke rubuta 'y. Abin da ya ɗauki manyan masana kusan shekara 70, ba za mu nemi ɗan shekara bakwai ya gama shi a zango ɗaya ba.

Sannan mu dubi abin da muke nuna musu. A waya muna rubuta "slm", "ykk", "lfy". Muna manne "ya zo" ta zama "yazo", "ina so" ta zama "inaso". A allunan shaguna an zubar da lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ. Matakin nan na uku na Frith da ido ake hawansa, kuma ido abin da ya gani yake ɗauka.

Wannan magana ta fi nauyi a garinmu fiye da wurare da yawa. Shekarun da 'yan bindigar dajin Kamuku da Kuyambana suka hana mu barci sun rufe makarantu a ƙauyuka. A watan Maris na 2021 har cikin firamaren Rama aka shiga aka tafi da malamai. Iyalai suka kwaso yara suka dawo cikin gari. Tun bayan sulhun ƙarshen 2024, da Gwamna Uba Sani ya zo aka buɗe kasuwar kara, mutane suka fara komawa gonakinsu. Yanzu ga yaro ɗan shekara goma sha biyu, ya san shanu, ya san huɗa, amma a rubutu yana inda ɗan shekara shida yake. Laifinsa ne? In aka yi masa dariya sau ɗaya a gaban ƙannensa, gobe ba za a gan shi a aji ba, sai a ramin haƙar zinare.

Ba ana cewa a bar kuskure ya zauna ba. Gyara dole ne, koyarwa ma dole ce. Shirye-shirye irin su Mu Karanta a Sakkwato da Bauchi, da RANA a Katsina da Zamfara, da Hausa suka fara: sautin baƙi tukuna, sai gaɓa, sai kalma. Hausar boko tana da sauƙi ta nan, domin galibi yadda aka furta haka ake rubutawa. Yaron da aka koya wa ba, bi, bu, be, bo ba zai daɗe yana rubuta "bri" ba.

Don haka iyaye, yayye, malamai, in yaro ya kawo muku rubutu, ku fara da cewa "karanta mini abin da ka rubuta." A nan za ku ji inda tunaninsa ya kai. Ku yaba abin da ya samu, ku gyara abu ɗaya, sauran a bari sai gobe. Inna, in za ki aike shi cefane, ki bar shi ya rubuta da kansa: gishiri, daddawa, manja. Baba, in za ka tura saƙo a gabansa, ka rubuta shi cikakke. Yaran nan sun riga sun yi asarar shekaru ba da laifinsu ba. Don Allah kada mu ƙara musu da kunya.