Wa Muke da Shi a Yamai?

Mu mutanen Agye da Gazawa da Gidan Rumji, in tafiyar Yamai ta kama mu, ba ma tambayar nawa ne kuɗin ɗaki a can. Tambayarmu guda ce, kuma da ita ake buɗe shawara a ƙofar gida bayan isha'i: wa muke da shi? Nan take tsofaffi za su gyara zama a shiga tonon asali. Ɗan wance da ta yi aure a Caduwa ai yana aikin duwan. Jikan liman yana koyarwa a wata makaranta a Talaje. Akwai kuma yaron nan na Gangara mai sayar da kayan gini a Katako, wanda kakarsa da kakarmu suka sha nono ɗaya, ko dai talla suka yi tare, duk dai zumunta ce. Kafin a sha shayi na uku an samo mutum huɗu, an auna su, an zaɓi wanda gidansa ke da famfo da wuta. Shi kuwa bawan Allah yana can yana barcinsa, bai san an gama magana a kansa ba.

Kuma ba ma kiransa da wuri, wannan dukanmu mun iya ta. Mota ta tashi tun kafin kiran assalatu, ta wuce Madawa, mu leƙa ta taga a Galmi mu taya albasa, a wuce Ƙonni, a wuce Dogon Dutsi, waya na aljihu da kuɗinta a ciki, amma sai an hango Doso za mu danna. "Salamu alaikum kawu, ni ne ɗan Hajiya, ga mu nan Doso." Saura kilomita kamar 140 cikin sama da 600, me zai ce? Sai ya zo tasha zai tarar mu uku ne, da buhu biyu da zabbi a ɗaure. Wasu za su ce wayo ne, don kar a ba shi lokacin ƙirƙiro tafiyar aiki zuwa Tawa. Akwai hakan. Amma akwai kunya ma a ciki, domin a wurinmu neman izinin sauka gidan ɗan'uwa tamkar ka tuhume shi da rowa ne.

Ba yawon shan iska ke kai mu ba. Fasfo ne, ko takardun fansho, ko jarrabawar shiga aikin gwamnati, ko mara lafiyar da aka tura babban asibitin ƙasa ko na Lamorde, ko rakiyar maniyyaci filin jirgin Diori Hamani, inda mutum ɗaya ke tafiya Makka mutum goma na raka shi. Tun 1926 da Turawan Faransa suka ɗauke babban birni daga Damagaram suka kai Yamai suka ja mana wannan doguwar hanya. Da sun bar shi inda yake, da mutumin Gazawa ya yi sammako ya sa hannu a takardarsa ya dawo ya ci tuwon dare a gidansa.

Otel kuwa akwai su, har da na kece raini. Lokacin taron shugabannin Tarayyar Afirka a watan Yulin 2019 aka buɗe Radisson Blu da Noom da Bravia, kuma mun san su sarai, don a gabansu muke tsayawa mu gyara hula a ɗauke mu hoto mu aika gida ta WhatsApp. Shiga ce dai ba ma yi. Kwana ɗaya a irinsu ya fi mafi ƙarancin albashin wata, wanda aka kai jikka 42 a 2024. Akwai ƙananan masaukai cikin unguwanni da aljihun ɗan kasuwar Tibiri zai iya ɗauka ba tare da ya ji a jikinsa ba, amma ko shi ba ya zuwa. In labari ya iso gida cewa wane a otel ya kwana, tambayar farko ita ce, "Ba shi da kowa ne a garin?" Ta biyu kuma ba a yin ta da ƙarfi. Mace kam ba a ma kawo zancen. Shi kansa ɗan'uwan da muka so mu rage wa nauyi, in ya ji, sai ya yi fushin shekara: me na yi maka da za ka tona mini asiri?

To sai mu biya da tsaraba. Ayar ƙasarmu tiya biyar, man gyaɗa a jarka, ƙuli-ƙuli, wake, busasshen zogale daga bakin gulbi, kilishi a naɗe cikin takarda, ga albasar da aka tsinta a hanya. Ka zauna ka yi lissafi, za ka ga wanda ya ƙi ba da kuɗin ɗaki ya kashe abin da ya fi su, har da na ɗaukar kaya a mota. Amma ba ma jin zafin wannan, don tsaraba mutunci ce.

Abin da ba mu cika lissafawa ba shi ne abin da ke faruwa bayan an ce mana marhabin. Gidan haya ne, ciki da falo, in an yi sa'a ɗaki biyu. Yara da suka riga suka yi barci za a tashe su a mayar da su gefen uwarsu, a shimfiɗa mana katifarsu. Da safe ka dubi uwargida a bakin murhu: ta auna shinkafa gwangwani uku yadda ta saba, ta tsaya, ta dubi takalman da ke ƙofar falo, ta ƙara biyu, ta leƙa cikin buhun ta ga inda ya tsaya, sannan ta ɗaure bakinsa ta fito da fara'a tana cewa, "Baba, an tashi lafiya? Ya gajiyar hanya?" A Yamai komai saye ne, ruwa da awo, wuta da awo, gawayi da kuɗi, har ganyen miya. Mu kuwa da a gida bokiti ɗaya ke isarmu, nan sai mun yi wanka uku don ruwa na zubowa daga sama. Mu kwana da fanka, mu jona waya biyu, mu cinye tuwon masara tas, mu sha ruwa, sannan mu ce ai bai kai na geronmu ba. Ni dai a ganina matan nan su ne masu masaukin gaskiya, ko da yake sunan mijin ake ambata in an koma gida.

Kwana biyu muka ce za mu yi, kuma har zuciya haka muke nufi. Sai a ofis a ce mai sa hannu ya fita, a dawo Litinin. Litinin a ce saura hoto. Malamai sun gaya mana haƙƙin baƙo kwana uku ne, abin da ya wuce sadaka ce, kuma kowa ya haddace wannan, sai dai mun fi tuna shi ranar da muke masu gida. An ce baƙo raɓa ne, amma tamu raɓar takan kai azahar. Wani daren za ka ji raɗa daga cikin ɗaki ana maganar kuɗin cefane, ka ja zane ka rufe kai ka ƙara jan minshari, ba don mugunta ba, don ba ka san yadda za ka miƙa jikka biyu ba tare da an ce ka raina gida ba.

Wanda bai da kowa ma ba ya rasa wuri. Kamfanonin manyan motoci suna da rumfar fasinja da tabarmi, kuma mun san yadda ake kwana a can: jaka matashi, takalmi ƙarƙashin jaka, waya cikin wando, ido ɗaya a buɗe. Kowa ya kwana lafiya shi ya so. A da kuɗin na cikin lalita a ɗaure a ƙugu, yanzu kafin mu baro gida sai mu aika wa kanmu ta Nita ko Amana, mu isa mu karɓa, amma duk da haka sai an ɗinke wani abu a aljihun ciki, don ba a saka ƙwai duka wuri guda in hanya da nisa. Wani kuma ya nemi ɗan garinsu mai gadin kangon da ba a gama ginawa ba, ya shimfiɗa kwali a falon da babu ƙofa, ya kwana cikin unguwar masu kuɗi kyauta. Matasa su ƙetare gadar Kennedy zuwa Harobanda, su tarar da ɗaliban Jami'ar Abdou Moumouni 'yan yankinmu da su ma a cushe suke, a matsa a ba su gefen katifa, sauron bakin kogi ya yi musu sannu da zuwa. Kafin a rushe majalisar dokoki a 2023, gidan ɗan majalisa ma zango ne, wanda ya zaɓe shi da wanda bai zaɓe shi ba duk tabarma ɗaya, kwano ɗaya. Bagobirin Tibiri ko Cadakori kuwa yana da tasa dabarar, shi da Zabarmawa taubasai ne, sai ya fara da tsokana, kafin a gama dariya an kawo masa ruwa an nuna masa inuwa.

Abin dai gado ne. Kakanninmu fatake masu zuwa Gwanja neman goro, in sun isa Salaga ko zangon Kumasi, gidan fatoma suke sauka. Shi zai ba su ɗaki, ya adana musu dukiya, ya nemo mai saye, ya tsaya musu in rigima ta taso. Sai dai fatoma yana da la'adarsa a cikin ciniki. Fatomanmu na yau malamin makaranta ne ko ƙaramin ma'aikaci mai jiran ƙarshen wata, shi zai kai mu ofis a bayan babur, ya yi mana tafinta da Faransanci, ya nemo wanda ya san wani a ciki, kuma la'adarsa ita ce "Allah ya yi albarka."

Ranar da aiki ya kai ɗayanmu Yamai kuwa, sai waƙa ta canza. Shi da ya yi wata guda a falon kawunsa, yanzu shi ke cewa mutanen gida ba su san tsadar birni ba. Ya ƙi faɗin unguwarsu sosai, ya ce can wajen Bobiyel ne, bayan wani gidan mai. Ya ga lambar da bai sani ba da la'asar ya bar ta ta yi ta ƙara. Ta sake kira, ya dubi matarsa, ta dube shi, ya ɗauka. Bayan magariba za ka gan shi a tasha yana ɗora buhun aya a kan babur yana cewa, "Haba inna, don me ba ku faɗa tun jiya ba, ai da an yanka kaza."

Ranar komawa mai masaukin ne zai tashe mu ƙarfe uku na dare, ya kai mu tasha, sau da yawa ya cika kuɗin mota, ya ba da sabulu da sukari a kai wa tsofaffi. Mu kuma mun riga mun sa tsohuwar rigarsa a jaka, wadda ya ce ta yi masa kaɗan. Mota na ɗumi, ya miƙo hannu ta taga ya ce a gaida gida, sai mu riƙe hannun mu ce, "Kawu, sun ce takardar sai wata mai zuwa. Wannan karon da Baba zan zo, idonsa na damunsa."