Dillalan Iska a Sabon Badun

A Badun, garin da aka buɗe gidan talbijin na farko a Najeriya a 1959, gidajen rediyo sun yi yawa har suna taka sawun juna. Tun da dokar 1992 ta ba 'yan kasuwa damar buɗe tashoshi, ga Splash FM, ga Fresh FM, ga Agidigbo, ban da na gwamnati irin su BCOS da Premier FM. Kowace tasha da rundunar masu nemo mata talla, kuma da wuya a sami wanda bai san hanyar Sabo ba, unguwar 'yan canji da masu tsire. Sai dai fuskar da ta zo da azumi ba ita ke dawowa da layya ba. Manajoji sun ce lalaci ne. Ni kuwa a ganina laifin yana ga hajar da yadda ake sayar da ita. Goro yakan yi watanni a huhu, amma minti ɗayan da ba a sayar ba kafin labaran safe ya tafi ke nan har abada.

A dubi waɗanda ake sallama. Akwai Ɗan Dangi: watan farko ya sayar wa kawunsa ɗan canji, na biyu surukinsa mai atamfa, na uku mai shayin bakin masallaci, a na huɗu dangi suka ƙare, aiki ya bi su. Akwai Malam Gobe, wanda littafinsa ke cike da sunayen alhazan da suka ce masa "ka dawo bayan la'asar", bai san a bakin ɗan kasuwa wannan a'a ce ta sa babbar riga ba. Ga Mai Kwat, da ke zuwa da takardar farashi da Turanci mai kauri, Alhaji ya saurare shi tsaf har ya gama, sannan ya tambaye shi ɗan gidan wa ne. Ga Sarkin Musaya, wanda ba ya dawowa hannu rabbana: ya ba da tallar mako biyu, ya karɓo tsire da turmin atamfa da kwalbar maganin basir, ya jibge wa akanta, sai ka ce da su ake sayen man janareta. Ga Auri-Saki, mai katin shaidar tasha biyar a aljihu, wanda yakan yabi sabuwar tasharsa da sunan kishiyarta. Sai Gagara-Kora, da ya ga bayan manaja huɗu don yana riƙe da ɗan siyasa ɗaya da mai maganin gargajiya ɗaya. Ranar da aka gama zaɓe, mai magani kuma ya koma kan lasifikar motarsa, shi ma zai bi sahu.

Abin dariyar shi ne, unguwar da suke sintiri a cikinta ta warware wannan matsala tun kafin rediyo ya fara talla. Sabo ta kafu a 1916 kan cinikin goro da shanu. Baturen nan Abner Cohen, da ya yi bincike a cikinta a 1962 da 1963, ya nuna yadda ake ba mahauta Yarabawa shanu bashi, maigida ya tsaya wa bashin da sunansa da aljihunsa, dillalin da ke ƙarƙashinsa kuma ya ci la'adarsa yana da wurin komawa ko kasuwa ta yi sanyi. Ɗan tallar rediyo dillali ne marar maigida. Shi zai nemo mai saye, shi zai bi bashi, kamashonsa sai kuɗi sun shigo, in ba su shigo ba shi ne mai laifi.

Wani zai ce ai akwai ragwaye da masu cin amana a cikinsu. Akwai mana, amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kujerar da ta kayar da mutum shida masu hali daban-daban, kafinta ya kamata a kira, ba liman ba. Wani kuma zai ce Facebook da WhatsApp ne suka cinye kasuwar. Sun ci rabonsu, gaskiya ne, amma wannan hujja ce ta riƙe ɗan talla, domin abin da ya rage wa rediyo a Sabo shi ne sabo, kuma Alhaji ba ya sakin kuɗi ga fuskar da bai taɓa gani a wurin suna ko jana'iza ba. Tashar da ke son wanda ya zo da azumi ya dawo da layya, sai ta fara zama maigida kafin ta nemi dillali.