A Gidajenmu Gwangwani Ba Ya Ritaya

Jama'a, tunda ba baƙo a cikinmu, mu faɗa wa juna gaskiya. Waye ya taɓa buɗe shuɗin gwangwanin biskit ɗin nan da ke kan durowar Hajiya ya tarar da biskit a ciki? Allura ce da zare, da maɓallan rigunan da suka daɗe da zama tsumma, da rabin reza, da makullin wani kwaɗo da ba wanda ya san ƙofar da yake buɗewa. Kowane yaro sai ya lallaɓa ya buɗe, kowane yaro sai ya sha haushi, har ya girma ya yi aure ya sayo nasa biskit ɗin, a cinye, uwargida ta wanke gwangwanin ta zuba allura da zare. An ce kyan ɗa ya gaji ubansa, to mu har gwangwani muke gada.

Mu dai a wajenmu abu ba ya ƙarewa don abin cikinsa ya ƙare. Ranar da aka kankare ƙarshen Milo, ranar gwangwanin ke kama aiki na dindindin: daddawa. Na Bournvita kuka, na Nido busasshiyar kuɓewa, robar Blue Band gishiri, kwalbar Bama man shanu. Shi ya sa a kicin ɗinmu rubutu daban, ciki daban, kuma mai ɗaki ce kaɗai ta san inda yake mata yoyo. Ƙanwar miji ta zo taya girki, ta ɗauko abin da aka rubuta madara ta tarar da kanwa. Maigida ya tashi cikin dare ba wuta, ya ce ba sai ya tashi kowa ba, ya laluba ya zuba cokali biyu a ruwan zafi, ya kurɓa, ya ji miyar kuka ba tuwo. Da safe kuma laifinsa ne, don me bai tambaya ba?

Shi kuwa ƙaramin gwangwanin madarar Peak ƙarin girma ya samu, ya zama ma'auni. Ba wadda za ta ce miki ta dafa shinkafa rabin kilo. Gwangwani huɗu ta dafa, ta jiƙa wake gwangwani biyu, kuma kowa ya gane. 'Yar talla tana auna gyaɗa da na tumatir, wani lokaci an ɗan buga gindinsa ya lotsa ciki, mu kuma muna gani muna shiru, ai ido ba mudu ba ya san kima. Bokitin fenti wanka, wanki, ajiyar gari, in baƙi sun yi yawa a kife shi ya zama kujera. Robar lemo ta koma zoɓo da kunun aya, jarkar man gyaɗa mai lita 25 ta hau kurar ɗan garuwa.

Sai leda. Kowane gida akwai uwar leda rataye a ƙusa bayan ƙofar kicin, cikinta 'ya'ya da jikoki, kuma su ma aji-aji ne. Baƙar nan ta mai kayan miya, wannan ta kowa ce. Mai kauri ta babban kanti, mai hannu, ana ninke ta a ajiye gefe. Wadda kuwa aka zo da tsaraba a cikinta daga Makka, da rubutun Larabci a jiki, ba ta fita gidan sai da izini. In za a aika wa maƙwabciya abu sai a tsaya ana zaɓe, a ciro mai kyau, a dube ta, a mayar, a ce wa yaro, "Ɗauko min waccan, ai nan da nan ne." Abin dariyar, mu da muke tattalin leda haka a cikin gida, leƙa kwatar ƙofar gidan ka gani. Ledar fiyawata ta toshe ta, damina ta zo ruwa ya shigo mana zaure, mu taru muna tambayar su waye ke zubarwa.

Amma inda abin namu ya fi daɗi shi ne kabet. Ranar jere gwaggwanni da ƙannen uwa za su kwana a tsaye, wannan ta ce a matsa, waccan ta ce a ɗaga, har a yi 'yar hayaniya a kan inda kula za ta zauna. Kakanninmu ƙorai suka rataya a ragaya, aka zo zamanin tasoshi, aka yi na kwalla da langa da samira, aka shiga na tangaran, yanzu ana yayin kuloli masu ruwan gwal. Kaya na canzawa, doka ba ta canzawa: a gani, kar a taɓa. Kofunan tangaran dozin guda suna bayan gilashi tun ranar tarewa, mutanen gida kuwa suna shan shayi a kofin silba da ya lotse da na roba mai karyayyen hannu. Ka tambaya a ce na baƙi ne. Baƙon ya zo, a leƙa a ce, "Au, ai wane ne, na gida ne," a miƙa masa kofin kowa. To wai wane baƙo muke jira? Surukai ma a zuwan farko kawai suke samun wannan alfarma, daga nan su ma sun zama 'yan gida.

Haka katifa za ta shekara da ledarta, kana juyi tana ƙara, zufa na tsiyaya, amma a cire a'a, kar ta yi datti. Rimot an naɗe shi da leda an ɗaure da kyauro har lambobin ba sa ganuwa. Sabo yana zaune yana hutawa, tsoho yana aiki har ransa ya fita, in ya fita ma a kai shi wajen mai gyara.

Sai dai kar mu cika yi wa iyayenmu mata dariya, don jere ba ado ne kawai ba. Dukiyar mace ce da ke gaban idonta, ba ta miji ba, ba ta kowa ba. In rana ta ɓaci, ciwo ko kuɗin makaranta, a kira dillaliya cikin sirri, saitin kwano ɗaya ya fita ta bayan gida, a gyara jeren yadda ba mai lura da giɓin. In 'ya ta isa aure, rabin kayan ɗakinta daga nan za su fito. Kwalla kuwa banki ce tun kafin a san layin banki, kuma ba ta neman katin shaida.

Wannan bankin ne asirinsa ya tonu lokacin canjin kuɗi. A watan Oktoban 2022 Babban Bankin Najeriya, a zamanin Godwin Emefiele, ya ce zai sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1000, aka sa wa'adin 31 ga Janairun 2023, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Wayyo, ranar aka ga ajiya! Ƙarƙashin katifa, cikin kwalla ta uku daga ƙasa, aljihun babbar rigar da rabonta da jiki tun wata Sallah, tsakiyar littafi, asusun ƙasa da aka fasa ba shiri. Masu cewa ba su da ko sisi suka fito da damma suna neman mai kai musu banki. Wasu ba su tuna da wata maɓoyar ba sai da wa'adi ya wuce, aka yi salati aka yi kuka, sai ga Kotun Ƙoli a watan Maris ta ce tsofaffin kuɗi su ci gaba da aiki. Tun daga nan ba mai iya ja da tsohuwa in ta ce ajiya maganin wata rana.

Ƙarƙashin gado kuma unguwa ce guda, mai unguwarta jakar Gana-mas-go, wadda ta samo sunanta a 1983 lokacin da gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙin haure, 'yan Ghana da dama suka tattara kayansu a cikinta suka tafi. Su sun tafi, jakar ta zauna. Cikinta ankon bikin da ma'auratan suka riga suka aurar da 'yarsu, da kayan jariri na wanda yanzu yake bautar ƙasa, da takalmi wari ɗaya da ake sa ran ɗan'uwansa zai dawo. Zif ya lalace, an ɗaure ta da igiya, an tura ta can ƙurya.

Na ga maza suna murmushi. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. A jawo durowar Alhaji: matattun caja sun sarƙe da juna, wayar Nokia guda biyu ba batir, rasit ɗin rediyon da aka sace tun yaran suna firamare, katunan ɗaurin aure, gilashin ido mai ƙafa ɗaya. A tsakar gida janareto da ya mutu yana jiran kuɗin gyara, a ƙofar gida mota a kan duwatsu, kaji suna ƙwai a kujerar baya, ka yi maganar sayarwa a ce inji lafiya lau yake. Ƙusa ɗaya a bangon ɗakinsa tana ɗauke da hula da carbi da makullai da kalandar shekarar da ta wuce tuntuni, ita kuma ba a yar da ita don akwai aya a jiki, wannan kam uzuri ne karɓaɓɓe. Duk kanwar ja ce, sai dai tarkacen mata yana da murfi.

Firji ma bai tsira ba. In wuta ta yi kwanaki ba ta leƙo ba sai ya koma kabet, a jera masa biredi da kwanon sauran tuwo, kowa ya koma randar da ke gindin bishiya da moɗarta a kai. Wani malami daga Jigawa, Mohammed Bah Abba, tukunya ya sa a cikin tukunya, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Ruwan na tsotsowa ta jikin ta wajen yana bin iska, ta cikin tana sanyi, tumatir da yalo su yi kwanaki ba su lalace ba. Har lambar yabo ta Rolex ya samu a shekarar 2000. Mu kuma muka ce Allah Ya ƙara basira, muka ci gaba da adashin sayen firji mai ƙofa biyu.

Sau biyu a shekara dai muna tuba. Sallah saura kwana uku za a fito da komai tsakar gida, a yi yanar gizo-gizo, a wanke bayan kabet, 'yammata su tara tuli guda su ce wannan bola za shi. Sai Hajiya ta jawo kujera 'yar tsugunno ta zauna a bakin tulin. Murfin tukunyar da babu tukunyar? A bar shi, ana rufe kwanon kaji. Fitilar ƙwai ba ƙwai? Ta marigayiya ce. Kafin la'asar tulin ya koma tsintsiyar da ta ƙare da silifa guda, silifar ma an ce a yanki igiyarta. Gyaranmu ke nan, kaya su tashi daga gabas su koma yamma, a share inda suka tashi.

Ana cikin haka ɗan gwangwan zai yi sallama da kurarsa. A fito masa da fankar da ta shekara goma a sito ba wanda ya kalle ta, ya ɗaga, ya jijjiga, ya faɗi kuɗinsa. Nan take fanka ta yi daraja. "Haba malam, ka ji tsoron Allah! Wannan fa ta da ce, irin ƙarfen nan ba a yin sa yanzu, kwayil ne kawai ya ƙone." Ya ƙara kaɗan, a ce albarka, ya tura kurarsa ya yi gaba, fanka ta koma sito. Tunda kuma wuri ya yi kaɗan, gobe da safe a tura yaro kasuwar Ƙofar Wambai ya sayo manyan robobi biyu masu murfi da za a zuba tarkacen a ciki. In ya kawo su, Hajiya ta juya su ta ce kai, waɗannan sun yi kyau da yawa, a ajiye wa Ummi na aurenta.