Sukuru Ɗaya Tak

Rediyon kakana Bush ne, ƙirar Ingila ta shekarun 1950, irin mai kwalaben nan da sai sun ɗau zafi kafin ya buɗe baki. Mai gyara ya tashe shi tsaf, saura ɗan sukurun da ke riƙe abin murɗa tasha. Ya ce, "Yallaɓai, wannan ko a shagon unguwa ka samu."

Shagon unguwa ya tura ni Sabon Gari. Can duk wanda na tunkara sai ya zazzage gwangwanin sukuru a kan tebur, mu duƙufa muna tsinta kamar masu tsince tsakuwa a shinkafa. Wannan ya zurma, wancan ya ƙi shiga. Wani dattijo mai tabarau ɗaure da zare ne ya warware min: Turawan Ingila nasu awon daban ne, BA suke ce masa. Nawa 4BA ne, kaurinsa milimita 3.6, kasuwa kuwa ta cika da mai milimita 3 da mai 4, tiredin ma ba ɗaya ba. Na ce to ya ba ni ɗaya. Ya ce rabonsa da ganin irinsa tun ana kashe sule da sisi.

A Ƙofar Ruwa wani yaro ya karɓa ya juya, ya ce, "Baba, nan ba a kawo mana abin da ya gagara." Sai na ga ya miƙa hannu wajen guduma. Da ƙyar na ƙwace kayana. Ya dai goge wani dogon sukuru, ya cusa da ƙarfin tsiya, kansa ya leƙo waje, ya karɓi kuɗinsa.

Da daddare na jona, na kai hannu zan nemo Kaduna. Salatin da na saki har maƙwabta sun ji. Uwargida ta leƙo daga madafa: "Malam, kai ne ko rediyon?"

Ashe irin wannan rediyo ba shi da taransifoma, wuta na bin ƙarfen cikinsa, shi ya sa kamfani ke nutsar da sukurun ya toshe ramin da kaki. Mai gyara ya san haka sarai, sai da na je masa da yatsa a baki ya tuna.

Yanzu da filaya mai hannun roba nake canja tasha. Jama'a, duk mai mataccen Bush a ɗakin shirgi, don Allah kada ya ba 'yan gwangwan. Zan saya, in cire sukuruna in mayar masa da sauran.