Yadda Ɗan Tudun Wada Zai Hau Chappal Waddi Ya Dawo da Ƙafafunsa

Malam, tunda ka riga ka faɗa a majalisa cewa bana sai ka hau dutsen da ya fi kowanne tsayi a Najeriya, har mai shayi ya shaida, to babu sauran ja da baya. Sunansa Chappal Waddi, yana jihar Taraba cikin gandun dajin Gashaka-Gumti, daf da iyakar Kamaru, tsayinsa mita 2,419. Mota da babur za su rage maka hanya, ragowar kuwa ƙafarka ce za ta biya, kuma ba ta karɓar bashi.

Daga yau ka yi sallama da Keke Napep. Mutumin da daga Kasuwar Barci zuwa ƙofar Poly sai ya tsaya jiran abin hawa, bai kamata ya yi wa dutse kallon raini ba. Taka zuwa Panteka ka dawo, safe da yamma. In ka samu bene mai hawa uku, yi ta hawa kana sauka har maigadi ya tambaye ka wa kake nema. Bayan wata guda ka je Zariya ka gwada dutsen Kufena. Idan a tsakiyar hawa ka fara tuno waɗanda ka ɓata wa rai kana neman yafiyarsu a zuci, komo gida ka ƙara wata biyu.

Kaya kuwa, Allah ya yi maka gata, gwanjo na ƙofar gidanka. Nemi rigar sanyi mai kauri, da ta ruwa, da safa, da takalmi mai kama ƙasa. Dillali zai rantse maka cewa Baturen da ya sa rigar nan da ita ya hau Everest; yi masa murmushi, kada ka ƙara ko sisi. Takalmin ka fara sa shi tun yanzu, har gidan biki, domin sabon takalmi a kan dutse ya fi kunama mugunta. Babbar riga da hular Zanna Bukar su zauna a gida, can sama babu wanda zai kira ka Alhaji.

Hanya ta Jalingo ce, sai Bali, sai Serti inda hukumar gandun take, a nan ake neman izini da ɗan jagora. Daga nan a haura tsaunin Mambilla zuwa Nguroje, a hau babur zuwa Njawai. Ka tafi da rani, tsakanin Disamba da Maris. Wanda ya je da damina, laka zai hau.

Guzuri ya zama dabino, ƙuli-ƙuli, kilishi, garin kwaki da ruwa mai yawa. Kular tuwo da miyar kuka da uwargida za ta haɗa maka, ka karɓa da godiya ka cinye a tasha.

In an fara hawa, tafi sannu, sha ruwa tun ƙishi bai zo ba, kuma kada ka tambayi jagora ko an kusa. Zai nuna da baki ya ce "ga shi nan", ku yi awa uku kuna bin "ga shi nan". Idan wata yarinya ɗauke da ƙwaryar nono ta wuce ka kana zaune kana haki, ɗaga kai sama kamar mai nazarin tsuntsaye. In kuma kai ya sara, jiri ya kama ka, ka faɗa wa jagora. Nan kam ba wurin nuna jarumta ba ne.

Ka isa ƙoli? Ɗauki hoto kafin sanyi ya shanye cajin waya, don ba tare da hoto ba 'yan majalisa za su ce a dutsen Kagoro ka tsaya. Kada ka shimfiɗa tabarma. Edmund Hillary da Tenzing Norgay da suka fara taka ƙolin Everest a 1953, kimanin minti 15 suka yi suka juyo. Saukowa ce ke cin gwiwa, saboda haka riƙe sanda, ka yarda ka sauko da mazaunai inda ta kama, ba mai faɗa.

Kafin ka tashi dai, je asibiti a auna jininka, biya mai kanti bashinsa, ka kuma gaya wa uwargida ainihin inda za ka. Allah ya kai ka lafiya, ya dawo da kai lafiya.