Ranar da Kwamfuta Ta Bi Surukina Bashi

Duk ɗan kasuwar da ya ce maka bai taɓa zargin yaran shagonsa ba, to ko dai ba shi da yara, ko kuwa ba shi da shago. Mu masu sayar da atamfa da shadda da leshi a Kantin Kwari, da wannan zargi muke buɗe ƙofa, da shi muke rufewa. Ni dai duk shekara, idan azumi ya gabato muka zauna ƙidayar kaya don fitar da zakka, lissafi ba ya taɓa haɗuwa. Littafi ya ce kaza, kanta ta ce kaza, giɓin da ke tsakaninsu kuma ya isa kuɗin Umara. Ɗaya bisa arba'in ɗin da zan fitar ba ya damuna, abin da ya fita ba da sanina ba shi ke hana ni barci. Sai in ɗaga kai in dubi yarana biyu, su ma su dube ni, kowa ya haɗiye abin da ke bakinsa.

A farkon 2023 abin ya ƙara rikicewa. Babban Bankin Najeriya ya sauya takardun 200 da 500 da 1000, tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo, hatta tsohuwar da ba ta taɓa taka banki ba sai da jikanta ya yi mata tiransifa. Ciniki ya koma POS da jiran alat. Wani ya biya yau alat ya shigo jibi, wani ya tura wa yarona saboda asusuna ya ƙi karɓa. Littafina mai baƙin bango, wanda na gaji salon rubuta shi daga maigidana, ya kasa ɗaukar wannan hayaniya.

Ana cikin haka ɗan ƙanwata ya zo. Ya karanta kwamfuta a jami'a, muna kiransa Injiniya duk da ko fanka ban taɓa ganin ya gyara ba. Ya ce: “Kawu, an daina wannan wahala. Akwai manhajar da za ka zuba mata kayanka gaba ɗaya. Duk abin da aka sayar ta cire, in kaya ya kusa ƙarewa ta sanar da kai, har oda tana iya turawa da kanta. Tana riƙe sunayen masu bashi. Ko kana Makka za ka ga turmi nawa ya rage.” Ya ci gaba da zuba, har da tarihi: wai waɗannan layuka baƙaƙe da ke jikin kaya tun 1974 aka fara haska su a wani kanti a jihar Ohayo ta Amurka, kuma cingam aka fara sayarwa da su. Duk ban saurara ba sai da ya ce kowane yaro zai sami lambar sirrinsa, ta yadda duk abin da ya fita za a san hannun da ya fitar da shi. Nan na gyara zama.

Na sayi kwamfuta, na sayi firintar rasit, na sayi 'yar na'urar haska lamba mai jan haske, na ƙara batir saboda ɗauke wuta. Na bi layinmu shago-shago ina yi wa maƙwabta jaje cewa zamani ya tafi ya bar su. Wani dattijo da ya girme ni a kasuwar ya saurare ni har na gama, ya ce: “Allah ya sanya alheri.” Yadda ya ja alherin nan ya kamata ya sa ni tunani.

Rigimar farko suna ce. Manhaja tana son kowane kaya da sunansa da lambarsa. Cingam dai an haife shi da lamba. Atamfa kuwa zane ɗaya sai ya zo da launi bakwai, kuma sunan da mata suka laƙaba masa a gidan biki shi ne sunansa, mako mai zuwa su sauya. Holan da Getzner da sauƙi, kowa ya san su. Amma kayan Chana da suka cika kasuwa fa? Ƙaramin yarona ya yi iya ƙoƙarinsa. Da na leƙa sai na ga “shuɗiya mai ganye”, “shuɗiya mai ganye ta biyu”, “shuɗiya mai ganye amma ba waccan ba”, sai kuma “wadda Hajiya ke so”. Na tambaye shi wace Hajiyar. Ya ce shi ma ya manta.

Na ce wannan aiki ba na yara ba ne. Na kwashi kwamfuta na tafi da ita gida, na ɗora tabarau, na shigar da kayan sito da hannuna, don ba zan bar wanda nake zargi ya rubuta wa kansa shaida ba. Kowa a Kwari ya san turmin atamfa yadi 6 ne, leshi yadi 5, shadda kuma yankawa ake yi. Manhaja ba ta sani ba sai an gaya mata, kuma akwai wani ɗan gurbi a gefe inda ake zaɓar ma'auni. Ban gan shi ba. Inda nake nufin turmi 60, ita yadi 60 ta ji. Duk turmin da yara suka sayar sai ta cire shida. Ba a jima ba allo ya yi ja, ya nuna muna da atamfa ƙasa da babu.

Na tara yaran na ce su yi min bayanin yadda aka sayar da abin da ba mu da shi. Babban yarona, mutum mai sanyi da ya daɗe tare da ni, ya ce: “Alhaji, ga su can a sito har rufi.” Na ce masa ni da na'ura nake magana, ba da ido ba.

Ita kuwa na'urar ba ta tsaya jiran shari'armu ba. Injiniya ya riga ya haɗa ta da lambar WhatsApp ta babban dilan da nake sari a wurinsa, ni kuma na kunna mata izinin tura oda don in nuna wa maƙwabta. Da ta ga kaya sun ƙare a lissafinta, ta yi abin da aka ce ta yi. Da hantsi sai ga 'yan dako a jere, kowa da dila a ka, suna tambayar inda za su sauke. Dilan bai ko kira ni ba, saboda a cewarsa ni ba mutumin da ake tambaya sau biyu ba ne. Mutuncina ne ya cuce ni. Kuma cikin kayan har da wata ruwan ƙasa da ta shekara a kanta ba wanda ya ko taya. Dattijon nan yana zaune a bakin shagonsa yana kallo, ya ɗaga murya ya ce: “Kasuwa ta buɗe ke nan, Alhaji!”

An gyara ma'auni, amma sai wata ta ɓullo, wadda ita ce ainihin matsalar. Rabin abin da muke yi a kasuwa ba shi da gurbi a cikin manhajar. Ita ta san abu biyu: an sayar, ko ba a sayar ba. Ba ta san “ajiye min zuwa la'asar” ba. Ba ta san dillaliyar da za ta ɗauki turmi goma ta zaga gidaje, ta dawo da bakwai da kuɗin biyu da labarin ɗaya ba. Ba ta san cewa idan kwastoma ya nemi abin da ba ni da shi, ba na cewa babu, yaro ne zai zaga ta baya ya ɗauko a shagon maƙwabci, in ɗora 'yar ribata, da yamma mu yi lissafi. Ba ta san masu haɗa lefe da ke tafiya da kaya a nuna wa gwaggo ba. Farashi ma guda ɗaya take so, alhali mu sai an taya, an ce albarka, an yi kamar za a tafi, an dawo. Ga shi daga Yunin 2023, da aka saki naira ta nemi farashinta, dala ta tashi daga wajen 460 a farashin gwamnati har ta haura 1,500 a farkon 2024, farashin safe daban na yamma daban. Kuɗin manhajar na wata-wata ma da dala ake yanka shi, don haka ita kaɗai ce a shagon albashinta ke ƙaruwa ba tare da ta roƙa ba.

Sai na kafa doka. Na ce daga yau ko ƙyalle ne ya fita daga shagon nan ba a biya ba, a rubuta shi bashi, da sunan wanda aka kai wa da lambar wayarsa. Babban yarona ya yi jim, ya ce: “Alhaji, har da na gida?” Na ce har da na gidan sarki. Ya ce to.

Da azumin 2024 ya matso, dila yana neman kuɗinsa, ni kuma aljihu ya yi sanyi. Injiniya ya tafi bautar ƙasa. Ina laluben manhaja ni kaɗai bayan yara sun tafi sallar Azahar, sai na ci karo da wurin tura wa masu bashi saƙon tuni. Na ce yawwa, ga inda kuɗina zai fito. Saƙon da ke ciki na Turanci ne, mai laushi, har da godiya. Na goge na rubuta nawa: “Salam. Ana bin ka kaza. Ka biya kafin Juma'a, in ba haka ba za mu ɗauki mataki.” Ita za ta cike adadin kowa. Ta tambaye ni wa za a tura wa, na danna duka. Ta sake tambaya ko na tabbata. Na ji haushin a ce na'ura tana tambayata ko na tabbata a shagona.

Wayar da ta fara ƙara a aljihuna take. Na ciro na ga ana bin “Alhaji Maigida” wasu kuɗi da sai da na ƙirga sifilinsu da yatsa, kuma in ban biya kafin Juma'a ba zan ɗauki mataki.

Ban gama karantawa ba uwargida ta kira. Ba ta ɗaga murya ba, wanda ya fi tsoratarwa. Ta ce: “Alhaji, ashe kayan sallar bara bashi ka ba ni?” Ina cikin rantsuwa kiran amarya ya shigo. Kafin Magariba sun zauna sun gwada saƙonninsu, abin da bai taɓa haɗa su ba tun da aka kawo amarya, aka kuma gano cewa bashin amarya ya ninka na uwargida. Wannan shari'a ba ta cikin abin da zan rubuta a nan. Limamin unguwarmu, wanda na aika wa farar shadda sadaka, ya turo amsa da cewa Allah ya hore masa ya biya. Wata gwaggona ta sa aka karanta mata, ta aiko a tambaye ni ko matakin na 'yan sanda ne ko na alƙali, don ta san zanen da za ta ɗaura.

Surukina, mahaifin uwargida, bai kira ba. Kashegari da safe sai ga ƙaramin ɗansa a bakin shago da leda a hannu. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce: “Baba ya ce a gaishe ka da kyau. Ya ce shaddar an riga an ɗinka, ya sa ta sallar Idi da ɗaurin aure biyu, amma an wanke an buga. A duba ko za ta karɓu. In ba za ta karɓu ba, a yi masa haƙuri zuwa kaka.” A cikin ledar babbar riga ce a ninke, tana ƙamshin turare.

Da daddare na ɗauki aminina muka tafi. Na cire takalmi tun daga bakin zaure, na tsuguna nesa da tabarma, kaina a ƙasa. Aminina ya yi bayani mai tsawo a kan zamani da na'urori, ya rufe da cewa kwamfuta ce ta yi. Baba ya saurara yana jan carbi. Can ya ce: “Ikon Allah. Ita kwamfutar, wa ya gaya mata an ba ni shadda?” Na ce yaro ne ya rubuta. Ya ce: “Shi yaron wa ya sa shi?” Na yi shiru. Ya ce: “To, Hausar nan ta ‘za mu ɗauki mataki’, ita ma a Turai aka koya mata?” Aminina, wanda na ɗauko don ya cece ni, shi ya fara fashewa da dariya.

Ƙidayar zakka ta 2024 ita ce ta farko da lissafi ya kusa haɗuwa. Babban yarona ya buga rahoton, ya miƙo min da hannu biyu, ya koma gefe yana gyara kanta da ba ta buƙatar gyara. Giɓin nan na kowace shekara ga shi a jere, da rana da sa'a: turmi biyu gidan suna, yadi goma wa abokin Alhaji, leshi wa ƙanwar Alhaji, kuɗin cefane daga aljihun tebur, kuɗin mai, gudummawar biki. A gaban sunayen yaran kuwa babu komai sai ƙyallen da ƙaramin ya ɗauka ya goge kwamfuta, shi ma ya rubuta. Ni har yanzu ina ganin akwai gyara a rahoton, kuma na gaya musu zan sake dubawa idan na sami lokaci.

Ban jefar da manhajar ba, don ta iya aikinta. Tana nuna min launin da ke tafiya da wanda ya kwanta, abin da da can sai dai hasashe, kuma rigimar “na biya, ba ka biya ba” ta ragu tun da rasit ya shigo. Maƙwabtan da suka yi min dariya, biyu sun zo a ɓoye suna tambayar nawa ake sawa. Na ce su fara tambayar mai sayarwa ko ta san bambancin turmi da yadi, ko tana aiki idan sabis ya ɗauke, da kuma ko da naira ake biya. Izinin tura oda an kashe shi. Wurin tura saƙo kuma an sa masa lambar sirri, wadda bisa shawarar iyali gaba ɗaya ba a gaya min ba.

Roƙona ga yaranmu masu rubuta manhaja a Kano da Kaduna da Zariya: ku shigo Kwari ku zauna a benci ku ga yadda ake ciniki kafin ku rubuta. Ku sa mana gurbin ajiya, da na dillaliya, da na aron maƙwabci. Sannan don Allah ku ware gurbi guda na kyautar surukai, wanda ko maigida ya danna duka saƙo ba zai je can ba.