Bazazzagi Ya Yi Bindiga

Malam Bazazzagi, bawan Kanawa! Labari ya iso mana Kano cewa ka yi bindiga. An ce tun da ka yi ritaya ka koma noman masara can bayan Giwa, ba ka fita gona sai da adaka a kafaɗa, wai don tsaron kai a daji. Wanda ya kawo labarin ya rantse ya gan ka a kan babur, tabarau a hanci, bindiga rataye a baya, bakinta na leƙen duk wanda tsautsayi ya sa ya biyo ka a hanya. Na ce masa ya bar rantsuwa, na yarda. Duk abin da aka ce Bazazzagi ya aikata, in dai ba kyauta aka ce ya yi ba, ba na musu.

Da ka shawarci iyayengijinka kafin ka juye kuɗin fanshonka a hannun maƙeri. Mun riga ku sanin wannan ƙarfe. Tun zamanin Sarkin Kano Kumbari, tsakanin 1731 da 1743, ake shigo mana da bindigogi daga ƙasar Nufe, kuma Babba Zaki shi ne ya fara tara 'yan bindiga masu tsaron sarki. Kusan shekara 300 muna tare da ita, har muka gano inda ta fi amfani: ranar Hawan Daushe, a ɗura mata albarushi zalla, a ɗaga bakinta sama, dawakai su zabura, yara su toshe kunne, hayaƙi ya turnuƙe Ƙofar Kudu. Wannan aikin kam ta iya shi, ba mai ƙwace mata.

Amma tsaron kai? Bari in tuna maka yadda take, ko maƙerin ya karɓi kuɗi bai yi maka bayani ba. Ta baki ake ciyar da ita. Sai ka tsayar da ita, ka auna albarushi ka zuba, ka cusa tsumma, ka danna da sandar ƙarfe, ka zuba guntayen dalma ko ƙarfe, ka sake cusa tsumma, ka sake dannawa, sa'an nan ka gyara wurin da wuta za ta kama. Duk wannan hidima, harbi ɗaya za ta ba ka. In ka kuskure, sai ka roƙi abin da ya taso maka ya ɗan zauna a inuwa ka sake shiri. Kuma ko ɗayan ba tabbas. Kai da damina kake noma, albarushi kuwa ba ya shiri da laima. Ya kwana cikin raɓa, ka ja kunama ka ji ƙas, shiru. In kuma zuciya ta ɗebe ka ka cika mata ciki don ta yi ƙarfi, bututun da aka yanko daga bututun famfo ba ya da alƙawari da kowa, a hannunka zai tarwatse. Ka shiga taron tsofaffin maharba ka riƙa lura da hannuwa wajen musafaha, za ka ga waɗanda yatsunsu ba su cika ba, kuma ba kura ce ta cinye ba.

To wai ma wa za ka harba? In zaki kake tsoro, kwantar da hankalinka. 'Yan kaɗan da suka rage a Najeriya suna Yankari da Kainji, kuma ba wanda ya ba su adireshinka. Kura ba ta tarar namiji da rana tsaka, ko da Bazazzagi ne. Abin da ke kwantar da manomi a ƙasar nan ba ya kai tsawon hannunka: kububuwa. Tana kwance cikin ciyawa ko ƙarƙashin tarin kara, launinta launin ƙasa, ba ka ganin ta sai ta gama aikinta. Dafinta hana jini daskarewa yake yi, mutum ya yi ta zubar da jini ta dasashi da duk inda ya taɓa yin rauni, wani sai bayan kwanaki ya cika. A garinku fa aka yi mata karatun ta-natsu. Likitan nan na Ingila, David Warrell, a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello ya yi bincike a kan saranta cikin shekarun 1970, duniya ta ƙaru da shi. Ilmin ya fita daga Zariya ya zaga duniya, bai tsaya ƙofar gidanka ba. A Kaltungo ta Jihar Gombe asibiti guda aka ware don saran maciji, kuma lokacin shuka da na girbi ne gadaje suke cika. Ban taɓa jin wanda aka kai can ya ce da yana da bindiga da bai zo ba. Da yawa dai da sun sa takalmin roba mai dogon wuya da suna gida. Kai kuwa an ce silifas kake sawa, bindiga a sama, dunduniya a waje.

Har Turawan da suke da namun daji na gaske sun yi wannan lissafi. A Alaska ta Amurka, inda beyar take tare mutum a tsakiyar kurmi, wasu masana biyu, Tom Smith da Stephen Herrero, sun bi diddigin karo 269 da aka yi tsakanin beyar da masu bindiga daga 1883 zuwa 2009. Abin da suka samu: wanda ya yi harbi da wanda bindigarsa ba ta tashi ba, kusan daidai suke wajen jin rauni. A wani binciken da suka fitar a 2008 kan masu riƙe gwangwanin feshin barkono, kashi 98 cikin 100 sun fita lafiya lau. Waɗancan fa bindigoginsu na kamfani ne, ba na maƙerin bakin kasuwa ba. Dabba in ta taso, daƙiƙa kaɗan gare ka, hannu na rawa, gwiwa na kaɗawa. Da beyar ce matsalarka da na aiko maka da ƙullin yajin mai tsire mun huta.

Na san ba ita ce matsalarka ba. Mu duka mun san su wa ke cikin dajin da ya taso daga Kamuku ta Birnin Gwari ya haɗe da Kuyambana da Rugu. Ba sa zuwa ɗaya ɗaya. A kan babura suke zuwa, goyon biyu da uku, kowa da AK-47 mai cin harsashi 30 a ɗuri guda. Kai kana da ɗaya, in Allah ya sa ta tashi. Kuma ka tambayi mutanen ƙauyen da kake noma, za su gaya maka abin da ba a rubuta a takarda: manomin da aka tarar da fartanya sau da yawa tafiya ake yi da shi a nemi kuɗin fansa, wanda aka gani da bindiga kuwa ɗan sa-kai ake ɗaukar sa, ba a tsayawa tambaya. Kada ka ce ina yi maka fatan a sace ka. Wa zai biya? Mu dai Kanawa ba mu sayen bawa sau biyu.

Sai maganar takarda. Dokar mallakar bindiga ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku: akwai waɗanda sai shugaban ƙasa ya ba da izini, akwai na hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, irin taka mai ɗuri ta baki kuma tana ƙarƙashin kwamishinan 'yan sandan jiha. Dokar ta lissafa waɗanda ba a ba su lasisi: wanda bai kai shekara 17 ba, mai taɓin hankali, mashayi, wanda aka hukunta kan tayar da hankali cikin shekara 5 da suka wuce, da kuma mai raunin gani. Na farko ka tsallake shi tun zamanin Gowon. Na biyu ba zan ce komai ba saboda zumunci. Na ƙarshen fa? Kai ne ka taɓa yi wa buhun masara sallama da magariba, ka yi fushi bai amsa ba. Kada kuma ka fake da cewa gwamnoni sun ce kowa ya kare kansa. A watan Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta ce mutanen Zamfara su nemi bindiga, har ta ce za ta raba takardun neman lasisi a masarautu. Ba a jima ba babban hafsan tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi. Manya suka yi ta ja-in-ja a rediyo, talakan da aka tsare a shingen bincike kuwa shi kaɗai zai yi bayani.

A nan zan ajiye wasa kaɗan. A watan Maris na 2025, maharba 'yan arewa, yawancinsu 'yan Jihar Kano, suka taso daga Fatakwal za su gida yin Sallah. A Uromi ta Jihar Edo 'yan banga suka tare motar da ta ɗauko su, suka ga bindigogin farauta irin taka, aka yi kururuwa cewa masu satar mutane ne. Mutum 16 aka kashe, aka ƙone. Ba su yi wa kowa laifi ba, alhakin jininsu yana wuyan waɗanda suka aikata. Amma tun daga ranar ba na iya ganin mutum shi kaɗai da adaka a kan titi ban ji gabana ya faɗi ba. A wannan zamani da kowa ke firgice, wanda ya hango ka daga nesa ba ya ganin tsohon malamin makaranta. Ƙarfen yake gani.

Ba raina maharba nake yi ba. Su suka taimaka aka ƙwato Mubi daga hannun Boko Haram a 2014, da irin waɗannan bindigogi da kwari da baka. Sai dai ba ƙarfen ne ya yi aikin ba. Sun san kowace hanya da kowane rafi, suna karanta sawu, suna gane kukan tsuntsun da aka firgita, suna fita cikin taro da shugaba, kuma hukuma ta san da su. Kai me ka sani a daji? Ko hanyar gonarka sai yaro ya shige gaba.

Abin da ya fi damuna ma ba bindigar ba ce, abin da ta yi wa zuciyarka ne. Da can, an ce, tare da mutanen gari kake fita, ka tsaya wurin mai shayi ka ji ko an ga baƙin babura jiya, kuma kafin azahar ka kama hanyar gida. Yanzu da ka rataya ƙarfe, kai kaɗai kake zuwa har fadamar da 'yan gari suka daina nomawa, ka kai la'asar sakaliya kana zaga kunya kana fito. Hausawa suka ce tsoro na daji, kunya na gida. Tsoron nan shi ne yake dawo da kai wurin iyalinka kullum, kai kuma ka je ka sayar da shi ka sayo bututun famfo.

Saboda haka ga umarni daga sama. Ka kai ta fada ka miƙa wa 'yan bindigar Sarkin Zazzau, ranar hawan Sallah su sa ta yi abin da ta iya. In ta ƙi tashi a can, dariya kawai za a yi. Ka sayi takalmin roba, lamba ɗaya sama da ƙafarka don safa. Ka koma bin ayarin mutanen gari, in sun ce yau ba a shiga, kai ma ka zauna ka sha fatenka. Kuma watan Cika-ciki na tafe, kuɗin sharar bara ma ba ka biya ba. Bana ba na karɓar kuɗi: buhu biyu na masara, ka sa a motar Kano, kuɗin mota a kanka.